Adireshin da Oduro Ya Sauya

Konadu tana tuƙa fufu a kicin, ɗanta Nana yana goye a bayanta, sai wayarta ta yi ƙara a kan firji. Ranar Asabar ce, ruwan Landan yana ta zuba tun safe. Ta goge hannu da gefen zani ta duba. Hoton takarda ne aka turo mata daga Kumasi, amsar ofishin biza kan neman da mahaifinta ya yi, wadda ta yi wata biyu tana jira.

"Oduro! Oduro, fito! Amsar Papa ta zo!"

Mijin ya fito daga falo da rimot a hannu, yana murmushi tun kafin ya ji komai. Ita kuwa tana karantawa fuskarta na canjawa, har ta kai ƙarshen takardar ta sake komawa farko.

"An hana shi," ta ce.

"Kash! To ai sai a sake nema..."

"Tsaya, ban gama ba! Wai ƙarya ya yi musu. Wai ya rubuta cewa gida ɗaya yake zaune da matarsa, sun buga waya gidan, wanda ya ɗauka ya ce Mame Dufie ba ta zaune a nan, ba ta ma taɓa zama ba. Don haka sun ɗauka matar ƙarya ya ƙirƙiro, don su yarda zai koma gida. Shekara goma ba shi ba shigowa ƙasar nan. Shekara goma, Oduro! Mutumin da yake da saba'in da huɗu!"

Fufun ya soma kamawa a tukunya, ba wanda ya kula.

Duk wanda ya tashi a unguwar Bantama ta Kumasi ya san Papa Amoako, mahaifin Konadu. Shi ne dattijon da ake ɗauko wa kujera idan rigimar iyakar gona ta gagari kowa, domin in ya ce daga bishiyar can ne, to daga can ne, ba a sake aunawa. Kuma kowa ya san yadda aurensa yake, irin na iyayenmu na Kumasi: shi yana gidan danginsa na uwa a Bantama, Mame Dufie, mahaifiyar Konadu, tana gidan uwarta a unguwar Asafo. Shekara talatin da takwas tana dafa abinci a can, ta naɗe kwanon a ƙyalle ta kai masa da kanta kowace yamma. A haka suka haifi 'ya'ya biyar, kuma ba a taɓa jin kansu ba.

Konadu ta ɗago ta dubi mijinta.

"Ni da hannuna na rubuta maka a takarda. Papa, Bantama. Mame, Asafo. Kai ka cike fom ɗin a kwamfuta. To ina aka samo gida ɗaya?"

Oduro ya soma shafa ƙeya. Shekara huɗu da aurensu, ta san wannan shafar.

"Oduro, da kai nake!"

"Ki saurara mana, Konadu. Gyara na yi. Sista Pokuwa ce ta ce Turawa ba za su gane ba. Miji a nan, mata a can, cewa za su yi auren ya mutu. Sai na sa adireshin Papa a duka biyun, don abin ya tafi daidai."

"Gyara?"

"Don Allah ki fahimce ni..."

"Ka gyara wa ubana aurensa? Kai? Tsohon nan ba ya karanta Turanci, an buga takarda an miƙa masa, ya ce tunda surukinsa ne ya cike ba sai an karanta masa ba, ya sa hannu! Yau ga shi an rubuta masa maƙaryaci da tambarin gwamnati!"

Nana ya tsorata ya fashe da kuka. Ta kwanto shi ta rungume, ita ma hawayen ya zubo, amma na baƙin ciki ne mai zafi, ba na neman lallashi ba. Da Oduro ya miƙo hannu sai ta ja da baya.

"Kar ka taɓa ni!"

Ranar Litinin ta ga lauya, wata mata mai gilashi da ba ta ɓata magana. Lauyar ta ce tunda 'yarsa tsohon zai ziyarta, yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma za a saurara a nan Landan ko ba ya nan. Za su tara hotuna, da wasiƙar coci, da ta mai unguwa, duk don a nuna aure ne na gaske.

"Amma ki sani," in ji ta, "hotuna za su nuna yana da mata. Ba za su nuna wanda ya rubuta ƙaryar ba. Sa hannunsa ne a ƙasan fom. Sai wanda ya cike ya zo gaban alƙali ya ce shi ya yi, tsohon bai sani ba. In ya ƙi, ki kawo takardar da kika rubuta da hannunki, ki faɗi sunansa da bakinki."

"In ya faɗa, me zai same shi?"

"Kin ce mijinki ya nemi zama ɗan ƙasa? To suna duba halin mutum. Zai iya rasa ta, ya jira wasu shekaru."

Da ta dawo gida ta tarar da Pokuwa zaune a falo, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa a kan teburin da Konadu ke gogewa kullum. Pokuwa yayar Oduro ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta kawo shi Landan yana ɗan shekara sha biyar, kuma ba a yin sati ba ta tuna wa duniya hakan ba. Iyayensu ma'aikatan gwamnati ne da suka zauna gida ɗaya mai shinge da fulawoyi, shi ya sa take kallon irin zaman su Papa Amoako a matsayin ƙauyanci.

"Sannu da dawowa, matar ƙanena. Na ji wai kotu za ki kai mu."

"Sista, ba ku zan kai ba. Sunan ubana zan wanke."

"Da me za ki wanke shi? Da fasfon ƙanena?" Ta tafa hannu. "Shekara sha tara yaron nan yana shan sanyin ƙasar nan, saura ƙiris a miƙa masa jan fasfo, sai ya je ya ce wa alƙali shi maƙaryaci ne? A kan me? A kan tsohon da in ya zo ma sanyi zai kwantar da shi? Ya yi zamansa a Bantama mana, a tura masa hoton jikan!"

"Sista, ki iya bakinki a kan ubana."

"In na ƙi fa? Ke bari in tuna miki abin da kika manta. Oduro namu ne, jinin uwarmu. A al'adarmu ɗa na dangin uwa ne, ke da ɗanki na gidanku ne, can Asafo. Gobe in auren nan ya mutu, ke za ki kwashi ɗanki ki yi gaba, mu za mu zauna da shi. To ba zan bari a ƙona shi don bare ba!"

Abin takaici kenan da irin su Pokuwa. Al'adar da ta raina jiya ta sa aka goge ta daga fom, ita ta ɗauko yau ta yi sanda da ita. Konadu ta juya wajen mijinta, wanda ya lafe a jikin ƙofa yana kallon kafet.

"Oduro, ka ji abin da ta ce. Ni bare ce?"

"Konadu, ki bari a yi tunani tukuna..."

"Tambayarka na yi! Za ka je kotu ko ba za ka ba?"

Ya dubi yayarsa, ya dubi matarsa, ya sake sunkuyar da kai. Sunkuyawar nan ta fi zagin Pokuwa yi mata ciwo.

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa ta kira Kumasi. Papa Amoako ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba ko sau ɗaya. Ta gaya masa komai, har da takardar adireshin da ta rubuta wa Oduro, wadda ke hannunta.

"Zan kai ta kotu, Papa. Zan faɗi sunansa, kowa ya ji!"

"Ba za ki kai ba."

"Papa!"

"Na ce ba za ki kai ba. Kina tsammani ban ji zafi ba? Tun da takardar nan ta zo ban fita zaman sulhu ba. Jiya aka zo kirana, na ce ba ni da lafiya, kin ga na fara ƙaryar gaske kenan. Amma in kika tsaya gaban alƙali kika nuna mijinki da yatsa, ko na zo Landan wane gida zan sauka? Laifinsa ne, ki bar shi ya ɗauko shi da ƙafarsa."

"In bai ɗauko ba fa?"

"To sai mu san wanda muka ba 'ya."

Ta kashe wayar tana huci. Haushin mijin daban, na Pokuwa daban, ga kuma na tsohon da ake cuta yana hana a rama masa. Amma Konadu ba ta taɓa tsallake maganar mahaifinta ba. Ta ninke takardar ta tura ƙasan akwati, ta ɗora kayanta da na Nana a kai, ta ja akwatin ta fito.

"Ina za ki?" in ji Oduro.

"Unguwar Edmonton, wajen 'yar ƙanwar Mame. Tunda gidanmu daban, bari in koma gidanmu."

Pokuwa ta ɗaga hannu tana kaɗa yatsu. "A sauka lafiya! A gaida mutanen Asafo!"

Washegari da yamma, Oduro ya dawo daga aiki ya tarar da kula a bakin ƙofa, an naɗe ta a ƙyalle. Ya buɗe: ampesi ne, wato dafaffiyar doya da ayaba, da miyar ganyen gwaza, da kifi busasshe, yadda yake so. Babu takarda, babu saƙo. Kashegari ma haka. Ranar da ta biyo baya ma haka.

Konadu tana hutun haihuwa daga asibitin da take aikin jinya, don haka lokaci tana da shi, haƙurin ne take nema da kyar. Kullum sai ta yi girki tana zaginsa a zuci, ta goya Nana, ta hau bas daga Edmonton zuwa gidansu na Tottenham, ta ajiye kular yau ta ɗauki ta jiya, ta juya. 'Yar'uwar da ta sauke ta har ta gaji.

"Ke wai wace irin zuciya gare ki? Mutum ya ci mutuncin ubanki, kina bin sa da miya?"

"Ni ma ban sani ba. In na tuna fuskarsa sai in ji kamar in zuba masa barkono cokali goma. Amma in yamma ta yi ban dafa ba, sai in kasa zama."

Kiransa kuwa ba ta ɗauka. Saƙonninsa na "sori, sori" ta bar su ba amsa, domin ba sori take nema ba.

A sati na biyar, tana sunkuyawa za ta ajiye kula sai ƙofa ta buɗe. Oduro ne, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Nana ya hango shi ta kafaɗar uwar ya soma zillo yana dariya.

"Konadu, tsaya. Don Allah minti ɗaya. Me ya sa kike kawowa?"

"Ba ka so ne? In daina?"

"A'a! Tambaya nake. Ba kya magana da ni, ba kya ɗaukar wayata, amma ko ranar da aka yi ruwan ƙanƙara sai da kika zo."

"Don kai mijina ne, sakarai! Fushi nake da kai, ban ce na bar ka ba. Sati biyar kawai na yi, ƙafata har ta kumbura. Uwata shekara talatin da takwas ta yi, rana da damina. Shi ne ka zauna gaban kwamfuta ka ga abin kunya ne, ka danna ka goge!"

Ta tura masa kular a ƙirji.

"Zaman kotun ranar Alhamis ta sama ne, ƙarfe goma. Ban roƙe ka ba. Na dai gaya maka."

Ranar Alhamis ta isa kotun da wuri, ita da lauyarta da jakar hotuna. Lauyar ta riga ta gargaɗe ta: wakilin gwamnati zai tambaye ta wa ya cike fom. Ƙarya ba za ta yi ba, sunan kuma an hana ta faɗa. Tana zaune a benci tana juya abin a ranta sai ta ji hayaniya daga bakin matakala, da Turanci da yarenmu na Kumasi a cakuɗe.

Oduro ne cikin baƙar kwat, Pokuwa ta riƙe masa hannun riga tana ja.

"Ka haukace ne? Asiri ta yi maka a miyar nan, wallahi asiri ne! Mama tana kan waya tun safe tana kuka, ka ƙi ɗauka! In ka shiga ɗakin nan ba ni ba kai!"

"Sista, sake min riga."

"Ba zan saka ba! Ni na kawo ka ƙasar nan!"

"Ke kika kawo ni, ban musa ba, kuma har in mutu ina gode miki. Amma ke kika ce in sauya, ni kuma na sauya da hannuna. Ba zan ambaci sunanki a ciki ba. Nawa kawai zan faɗa. Sake ni, mutane suna kallo."

Ta sake shi, ta juyo kan Konadu da ido jajur.

"Kin ji daɗi? Kin raba shi da fasfo, kin raba shi da danginsa!"

Konadu ta miƙe. Maganganu sun fi ashirin a bakinta, kowace ta fi wata zafi, ta yi sati shida tana wasa su. Sai ta dubi mijinta, ta haɗiye su duka.

"Sista, ki zauna ga wuri," kawai ta ce.

A ciki, alƙalin ya yarda a saurari Oduro. Ya tsaya ya faɗi komai: takardar da matarsa ta ba shi, adireshi biyun da ke ciki, da yadda ya mai da su ɗaya ba tare da tsohon ya sani ba. Wakilin gwamnati ya taso masa ba sassauci.

"Kana nufin da gangan ka rubuta abin da ka san ba gaskiya ba ne?"

"E."

"Ka san abin da wannan zai jawo wa takardunka?"

"Na sani."

Alƙalin ya cire gilashi ya dube shi. "Me ya sa ka yi?"

"Kunya na ji, ranka ya daɗe. Na ɗauka in kuka ga miji da mata a gida biyu za ku raina mu. Ashe ni ne na raina mu."

Konadu ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta. Kukan da ta riƙe tun ranar Asabar ɗin nan ya ƙwace mata, har sai da lauyar ta miƙo mata ruwa.

Bayan sati uku hukunci ya zo a wasiƙa. Ba duka aka samu ba. Alƙali ya ce hana wannan bizar ya zauna, tunda fom ɗin ya ɗauki ƙarya. Amma ya rubuta ƙarara cewa Amoako bai yaudari kowa ba, aurensa na gaskiya ne, don haka maganar shekara goma ba ta hau kansa ba, yana iya sake nema. Oduro kuma tasa wasiƙar ta biyo baya: an ƙi ba shi zama ɗan ƙasa a wannan karon. Pokuwa ta daina gaishe su a coci, tana wuce su kamar ba ta taɓa ganinsu ba.

Ranar da Konadu ta mai da akwatinta Tottenham, ta kira Kumasi ta sa wayar a lasifika. Ta fassara wa mahaifinta hukuncin layi-layi. Da ta zo inda aka ce bai yaudari kowa ba, ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Can bayansa suka ji Mame Dufie ta rangaɗa guɗa.

"To, Papa, sai sabon fom," in ji Konadu. "Wannan karon ni zan cike da kaina, harafi-harafi."

"A'a. Ina Oduro?"

Oduro ya matso, ya durƙusa a gaban wayar kamar tsohon yana ganinsa. "Ga ni, Papa. Papa, ka yafe..."

"Kai za ka cike."

"Papa!" Konadu ta zabura. "Shi fa? Bayan duk abin da ya faru?"

"Shi. A duk Landan yanzu akwai wanda na tabbata ba zai ƙara min ko ɗigo ba kamarsa? Oduro, kana ji na? In ka gama ka turo. Ba sai an karanta min ba, zan sa hannu."

Oduro ya kifa kansa a kan gwiwar matarsa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Konadu ta daɗe tana kallon ƙeyar nan da ta sha jin haushinta, sannan ta ɗora hannu a kai.

Wata huɗu bayan haka Papa Amoako ya sauka Landan, ya ɗauki jikansa a hannu.

'Yan'uwa, mai jin kunyar gidan da ya fito zai yi ƙarya ko ba a tambaye shi ba, kuma wanda ƙaryar za ta fara kayarwa shi ne wanda ya fi yarda da shi. Da Konadu ta bi zafin zuciyarta, da ta wanke uba ta rasa miji. Ta yi fushinta, fushi mai dalili, amma ba ta bari ya rufe wa mijinta hanyar dawowa ba, shi ya sa ta samu duka biyun.